Ƙoda: Yadda Take Aiki, da Yadda Za Ka Duba Taka

Idan kana son sanin yadda ƙodar jikinka take, kada ka fara da littafi. Ranar kasuwar Jega ka yi sammako zuwa layin mahauta tun ba a watse da kayan ciki ba, ka ce a ba ka ƙodar rago guda da kitsenta, kada a sa mata wuƙa. Ta rago za ka karɓa ba ta sa ba, domin ta sa ƙulli-ƙulli gare ta, ta rago kuwa zubinta ɗaya da tamu, sai dai tamu ta fi girma.

Ka kai ta gida ka aza a faranti. Farin kitsen da ya lulluɓe ta shi ne matashinta, shi ke kare ta daga bugu. Ka ɓare shi, za ka tarar da wani siririn tantani mai sheƙi, wanda in ka sa farce zai saɓule kamar leda. To ga ƙoda nan, ja mai duhu, siffarta kamar ƙwayar wake. A wurin da ta lotsa, daidai inda wake ke da ido, akwai bututu uku: ɗaya ke kawo jini, ɗaya ke mayar da shi, na ukun shi ke gangarawa da fitsari zuwa mafitsara. Sai ka sa wuƙa mai kaifi ka raba ta biyu ta tsawo, yadda ake ɓare goro. Ta baki-baki za ka ga nama mai ɗan ɓarɓashi. Can ciki kuma nama ne mai zane-zane kamar an ja tsintsiya a kan rairayi, zanen duka ya fuskanci wani farin kwarmi da ke tsakiya. A bakin ake tace jini, a wurin zanen ake tattalin ruwa, kwarmin kuwa mazurari ne da fitsari ke taruwa a ciki kafin ya kama hanya.

Taka ta kai girman dunƙulen hannunka, tsawonta santimita 10 zuwa 12, nauyinta kamar giram 150, kuma biyu gare ka. Yawanci idan aka ce wa mutum ya nuna inda ƙodarsa take, sai ya dafa ƙugu. Ta fi nan sama. Ka lalubi bayanka har ka taɓa haƙarƙarinka na ƙarshe, a ƙarƙashinsa suke, ɗaya dama ɗaya hagu da ƙashin baya, ta dama ta ɗan fi sauka saboda hanta tana bisanta. Mafi yawan ciwon ƙugun da manomi ko ɗan dako ko ɗan kabu-kabu ke ji bayan ya wuni yana fama, na tsoka da ƙashi ne, ba na ƙoda ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ƙoda tana iya ɗaukar shekara da shekaru tana lalacewa ba ta yi wa mai ita ko ɗan tsunguli ba. Wanda ya zauna jiran ta yi masa ciwo kafin ya duba ta, ya makara.

Zazzagewa da tsinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Aliero lokacin albasa ya ga yadda ake gyaran buhu. Ba a zura hannu ciki ana laluben ruɓaɓɓiya. Zazzage shi ake yi gaba ɗaya a ƙasa, sannan a zauna a tsince masu kyau ɗaya bayan ɗaya a mayar. Abin da ya rage, ruɓaɓɓu da ɓawo da turɓaya, a share a zubar. Haka ƙoda take yi wa jini.

A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya, waɗanda likitoci ke kira nefron, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace matata tana farawa da wani ƙullin jijiyoyin jini sirara, kamar zaren da ya cukurkuɗe, yana zaune a cikin ɗan ƙoƙo. Daga ƙoƙon kuma wani dogon bututu ya miƙa, ya lanƙwasa, ya nutsa cikin naman nan mai zane-zane, ya dawo sama, sannan ya haɗu da 'yan'uwansa su zuba a farin kwarmin.

Ƙarfin bugun zuciya ne ke matsa jini a cikin ƙullin, ruwan jinin ya tsattsafo ta bangon jijiya ya faɗa ƙoƙo. Bangon rariya ne mai ƙananan idanu ƙwarai. Ƙwayoyin jini ba sa wucewa, furotin ma ba ya wucewa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma ruwa da gishiri da sukari da dattin da jiki ya samar, duka tare suke zubowa, mai amfani da marar amfani. Zazzagewar ke nan. Kuma ba ƙaramar zazzagewa ba ce. Ƙodoji biyu da ba su kai rabin kilo ba suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa, fiye da lita 1 a kowane minti. Abin da suke tacewa a wuni da kwana ya kai lita 180, wato jarka bakwai ta lita 25 har da ɗoriya, alhali jinin jikin baligi gaba ɗaya bai wuce lita 5 ba. Jinin ne ke zagayowa yana sake zagayowa.

Da duk wannan ruwa zai fita, da mutum bai kai awa guda da rai ba. Nan tsinta ke shigowa. Yayin da ruwan ke bin dogon bututun, bangon bututun yana tsamo abin da jiki ke so yana mayar wa jini: sukari duka, gishiri gwargwadon buƙata, ruwa kuwa kashi 99 cikin 100. Can ƙasa kuma yana ƙara tura wasu abubuwan daga jini zuwa cikin bututun, kamar ragowar magunguna da tsamin da ya yi wa jini yawa da rarar fotasiyam. Abin da ya isa mafitsara a ƙarshe bai wuce lita 1 zuwa 2 ba a rana, ka ce ledar ruwa biyu zuwa huɗu.

Akwai hikima a wannan tsari da ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙoda ba ta buƙatar sanin kowace irin guba kafin ta fitar da ita. Abin da ta sani mai amfani shi take mayarwa, baƙon abu kuwa a ƙasa take barinsa. Sai dai wannan ne kuma ya sa take shan wuya. Duk abin da ka haɗiya, ƙwaya ce ko jiƙo ko tsimi, in ya shiga jini sai ya biyo ta kanta, kuma da yake tana janye ruwa tana barin datti, gubar da ta shigo a tsarme a cikin bututunta take yin kauri.

Tsintar ma tana da iyaka. Idan sukari ya yi yawa a jini fiye da abin da bututun zai iya mayarwa, rarar sai ta bi fitsari, ta ja ruwa tare da ita. Shi ya sa mai ciwon sukari yake yawan fitsari da ƙishirwa, kuma kiyashi ke taruwa a inda ya tsuguna.

Sauran ayyukanta

Ƙoda ce mai riƙe da ma'aunin ruwan jiki. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki namu, mai ban ruwa a fadamar Maiyama ko mai loda buhuna a tashar Jega yana iya zubar da fiye da lita 1 na zufa a awa guda. Jini ya fara kauri, sai wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta sako sinadarin da ke gaya wa ƙoda ta riƙe ruwa. Fitsari ya ragu, ya yi duhu, ya yi zarni. Idan ka sha ruwa sosai, saƙon ya tsaya, fitsari ya yawaita ya yi haske. Launin fitsarinka labari ne ƙoda ke aiko maka kullum, kyauta.

Ita ce kuma ke da hannu a kan hawan jini. Idan ta ji jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta saki wani sinadari mai suna renin, wanda ke sa jijiyoyi su tsuke, jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Hawan jini yana ɓata ƙoda, ɓatacciyar ƙoda kuma tana ƙara hawan jini, kowane yana zuga ɗan'uwansa. Bayan haka ita ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, don haka mai ciwon ƙoda yake ɗashewa, ana ta yi masa ƙarin jini yana komawa. Ita ke ƙarasa gyaran bitamin D da ƙashi ke buƙata. Ita ke daidaita fotasiyam, wanda in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya.

Abin da za ka duba da kanka

Wani kawuna manomin albasa ne, mutum ne da ba a taɓa ganin ya kwanta ciwo ba. Kullum da yamma in ya taso daga gona sai ya biya ta kemis a haɗa masa ƙwayoyin ciwon jiki, ya kora da shayi, gobe ya koma. Wata sallah na lura fuskarsa ta ɗan cika, ƙasan idanunsa ya tasa, takalmin da ya saba sawa ya bar masa shaida a ƙafa. Mutanen gida suna ta murna wai ya yi ƙiba. Na ce, "Kawu, yaushe rabonka da awon jini?" Ya ce, "Ɗana, ni da ko ciwon kai ba na yi, me zan auna?" Da muka lallaɓa shi aka auna, jininsa ya yi hawan da ma'aikaciyar lafiya ta sake ɗaura masa abin awon har sau biyu, fitsarinsa kuma cike da furotin. Ƙodojinsa sun daɗe suna ja da baya, shi kuwa yana noma. Matatu miliyan biyu ne, in wasu suka mutu sauran su ɗauki nauyinsu, ba a ganin alama sai an yi asarar mafi yawa. Wadda ta mutu kuma ba ta dawowa.

Ga yadda za ka riƙa yi. Fitsarin farko na safe, sau ɗaya a wata ko makamancin haka, ka yi shi a cikin farar roba mai tsabta ka fita da shi haske. Na lafiya ruwan ɗorawa ne mai haske, garai-garai. In ya yi duhu kamar shayin da ba madara, ka ƙara shan ruwa ka sake dubawa da rana. In ya washe, ƙishirwa ce. In bai washe ba, ko ya yi ja kamar ruwan wankin nama, ko baƙi-baƙi, wannan na asibiti ne. Ka duba kumfa. Kowane fitsari yana yin 'yar kumfa ta mutu nan da nan, amma wadda ta taru kamar ta sabulu ta ƙi kwanciya, kullum haka, tana iya zama furotin ne ke tsiyaya, alamar rariya ta fara yagewa.

Sai ka dubi fuskarka da safe, musamman fatar ido. Da yamma kuma ka danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwaurinka, ka ƙirga biyar ka ɗaga. In wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, ruwa ne ya taru. Ka lura da yawan tashi fitsari cikin dare in ba ka saba ba. Ka lura kuma in fitsarin ya ragu har wanda ka yi a wuni da kwana bai cika ledar ruwa ɗaya ba, wannan kam ba a kwana da shi a gida. Kasala marar dalili, rashin son abinci musamman nama, tashin zuciya da safe, ƙaiƙayin jiki ba ƙurji, shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, haki in an kwanta, waɗannan sukan zo ne bayan tafiya ta yi nisa. A lokacin ne ake cewa sammu ne ko iska, a yi ta yawo da mutum, kwanakin da suka rage na ceto suna ƙarewa.

Idonka kaɗai bai isa ba, domin yawancin masu ciwon a farkonsa fitsarinsu garau yake fita. Sau ɗaya a shekara, in ka haura shekara 40, ko kana da hawan jini ko sukari ko sikila, ko akwai mai ciwon ƙoda a danginku, ka je babban asibitin garinku, na Jega ko Aliero ko Maiyama, ka nemi abu uku.

Na farko awon jini a hannu. Kada ka ci goro ko ka sha taba ko shayi mai ƙarfi rabin awa kafin nan. Ka zauna minti 5 ka huta, bayanka a jingine, hannunka a kan tebur daidai ƙirji, ka yi shiru har a gama. In ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a sake a wata rana. In ya tsaya a haka, hawan jini ne ko kana jin lafiya.

Na biyu awon fitsari. Za a ba ka 'yar kwalba. Ka wanke gabanka da ruwa, ka bar na farko ya zuba, ka tari na tsakiya. Mace ta jira har ta yi tsarki daga al'ada. Wani ɗan tsinke mai launi-launi ake tsomawa, cikin minti biyu ya nuna ko akwai furotin ko jini ko sukari. Yana cikin gwaje-gwaje mafiya arha a asibiti, kuma shi ke fara kama ɓarna.

Na uku a ɗebi jini a auna kiriyatinin, wani datti ne da tsoka ke samarwa kullum, ƙoda kuma ke fitarwa. In ya taru a jini, tacewa ta ragu. Kada ka tsaya a kan an ce maka ba komai, ka roƙi likita ya lissafa maka ƙarfin tacewar daga sakamakon. Sama da 90 lafiya lau. Ƙasa da 60 har tsawon wata 3, ciwon ƙoda ne mai ɗorewa. Ƙasa da 15, ƙoda ta kusa ajiye aiki. Ka adana takardar a cikin leda, baɗi ka zo da ita, domin gwada na bana da na bara ya fi faɗin gaskiya a kan lamba ɗaya tilo.

Abubuwan da ke cin ta a nan wurinmu

Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba, a nan da ko'ina. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sha maganin hawan jini wata ɗaya, a ji sauƙi, a ajiye. Maganin ba warkarwa yake yi ba, riƙewa yake yi, ranar da aka saki sai jinin ya koma inda yake. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin magi da yajin tsire da burodi da taliyar leda. Kanwa ma danginsa ce, mai hawan jini ya yi hattara da kununta. Uwargida ta rage magi ta ƙara daddawa da tafarnuwa da citta, ga albasa kuwa Allah ya hore mana. Cikin 'yan makonni harshe ke sabawa.

Sai ƙwayoyin ciwon jiki, irin su dikilofenak da ibufurofen da firoksikam. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga matatun ƙoda. Mai lafiya da ya sha na kwana biyu ko uku bayan ya ci abinci ya sha ruwa, yawanci ba abin da zai same shi. Amma wanda ya wuni cikin rana jikinsa ya bushe, sannan ya haɗiyi biyu ko uku a haɗe, kullum, shekara da shekaru, yana shaƙe ƙodarsa ne da hannunsa. Aliero ta yi suna da masu ɗori, mutane na zuwa daga nesa su yi makonni suna jinyar karaya. Masu jinya su sani, zafin karaya kan sa a yi ta ɗura wa majinyaci waɗannan ƙwayoyi ba lissafi, to a nemi ma'aikacin lafiya ya tsara abin da za a ba shi, musamman in tsoho ne ko mai hawan jini. Wanda kuma abu mai nauyi ya danne ya murƙushe masa tsoka, in fitsarinsa ya koma baƙi, a garzaya da shi asibiti, domin dagargajajjiyar tsoka tana toshe bututun ƙoda. Farasitamol a bisa ƙa'ida ya fi sauƙi ga ƙoda. Allurar jentamaisin kuma ba ta yi a shago ba ce.

Game da jiƙe-jiƙe da garin magani da ake tallatawa da lasifika ranar kasuwa, ba na raina ilimin itatuwa da muka gada. Amma jarkar da ba a san abin da ke ciki ba, ba a san ƙarfinsa ba, aka ce tana wanke ƙoda da mara da sanyi da basir gaba ɗaya, ba zan ba ɗana ba. Ƙoda ba tukunya ba ce da za a zuba mata abu a cuɗe. Na kwalba ma sai an duba lambar NAFDAC. A 2008 wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, da ya gurɓata da sinadari mai guba, ya kashe yara aƙalla 84 a Nijeriya, kuma ƙoda ya tsayar musu. Man bilicin mai ɗauke da sinadarin makuri shi ma ta fata yake shiga ya isa ƙoda.

Garuruwan da ke bakin gulbin Zamfara da fadamun shinkafa suna da tasu matsalar, wato tsargiya. Yaro ya yi wanka a ruwan da ke kwance, tsutsar da ke fitowa daga katantanwa ta huda fatarsa, bayan watanni a ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Wasu iyaye suna ɗaukar wannan alamar balaga ce. Ba ita ba ce. Ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a bangon mafitsara da bututun da ke saukowa daga ƙoda, su bar tabo, tabon ya tsuke hanya, fitsari ya riƙa komawa baya yana kumbura ƙoda. Maganinta firazikwantel, ana ba da shi gwargwadon tsawo ko nauyin yaro, kuma in ya koma ruwan zai sake kamuwa. Duk abin da ya tare hanyar fitsari irin wannan ɓarna yake yi, tsakuwa ce ko kumburin 'yar halittar nan da ke wuyan mafitsarar maza. Dattijon da ke daɗewa a tsugune yana yunƙuri, fitsari na ɗiga, kada kunya ta hana shi faɗa.

Akwai kuma tsayawar ƙoda ta gaggawa, wadda ke zuwa cikin kwana ɗaya ko biyu: bayan amai da gudawa, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko saran kububuwa, ko zubar jini wajen haihuwa, ko jijjigar masu ciki. Wannan tana warkewa in an yi hanzari. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita 1 na ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali, yana kurɓa ana kan hanya. Mai jinya ya sa ido a kan abu ɗaya, yaushe rabon majinyaci da fitsari, kuma ya gaya wa likita ko ba a tambaye shi ba.

Zafin rana shi kansa abin lura ne. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado an ga samari masu saran rake suna kamuwa da ciwon ƙoda ba hawan jini ba sukari, masu bincike da dama kuma suna ɗora alhakin a kan aikin ƙarfi cikin zafi da bushewar jiki kullum. Mai aikin gona ya tafi da jarkarsa, ya riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta kama shi, ya sami inuwa tsakar rana. In azumi ya faɗo a bazara, a ja aikin ƙarfi zuwa safiya, a rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur maimakon a ɗura shi lokaci ɗaya. Wanda aka riga aka tabbatar masa da ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya ɗauki azumi. Shi wannan ma dokarsa daban ce ko ba azumi: in ya kumbura ko fitsarinsa ya ragu, yawan shan ruwa cutar da shi zai yi, kuma ana iya rage masa ayaba da dabino da lemu da tumatir saboda fotasiyam.

Idan ta riga ta gaza

Wankin ƙoda ba ƙodar ake wankewa ba, jinin ake wankewa. Ana fitar da shi ta roba zuwa na'ura, ya bi ta matata, a mayar da shi jiki. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera na'urar farko a 1943. Ƙa'ida sau 3 ne a mako, kamar awa 4 kowane zama, kuma daga nan yankin sai an dangana da manyan asibitocin Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ga wanda ƙodarsa ta tsaya ta gaggawa, 'yan zama kaɗan kan isa ta farfaɗo, don haka kada dangi su ƙi sa hannu don tsoron wai in an fara ba a dainawa. Ga wanda tasa ta ƙare a hankali kuwa, wankin na tsawon rai ne, kuma na ga yadda yake cinye gona da shanu cikin 'yan watanni.

Dashe shi ne mafita ta biyu. An fara yin sa da nasara a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin wasu tagwaye. A Nijeriya asibitin St. Nicholas na Legas ya fara a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002. Mai lafiya yana iya ba ɗan'uwansa ƙoda ɗaya ya rayu da ɗayar, bayan an gwada an ga jininsu ya dace kuma shi kansa ba shi da hawan jini ko sukari. Wanda aka dasa wa zai riƙa shan maganin hana jiki ƙin baƙuwar ƙodar kullum, muddin tana jikinsa.

Tsakanin ranar da aka ga furotin a fitsari da ranar da za a hau na'ura kuwa, sau da yawa akwai shekaru masu yawa, kuma ana iya ƙara su. Kawuna yau yana shan ƙwayar hawan jini ɗaya da safe, irin wadda ke rage matsi a cikin ƙullin matatun, ya bar haɗin kemis, ana dafa masa miyarsa daban. Duk wata 3 ƙaramin ɗansa ke ɗaukarsa a babur zuwa awo, takardun a cikin leda a aljihun gaba, tare da duk kwalayen magungunan da yake sha don likita ya gani da idonsa.